LAFIYAR IYALI: A Bar Gudan Jinin Nan Ya Zauna

 Wannan wata za mu yi magana a kan abin da ke biyo bayan cire haƙori, gama wani dattijon ikilisiyarmu a nan Kambaza ya sha wuya ƙwarai a kansa.

Baba ya daɗe yana fama da wani turmi da ya rube, har ya yarda aka kai shi asibiti aka cire. Aiki ya yi kyau, aka sa masa auduga aka ce ya cije. Tun kafin mota ta bar tasha ya jefar da audugar, ya yi ta tofar da yawu ta taga har gida. Da isowa ya ɗauki buta ya kurkure baki sau uku, domin shi mutum ne mai tsabta, ba ya son ɗanɗanon jini. Mama kuwa, don tausayi, ta dama masa kunu mai zafi. Kwana biyu shiru. A rana ta uku muka je gaisuwa bayan sujada, muka tarar da shi riƙe da kunne, bai runtsa ba duk dare, bakinsa yana wari. Ya ce mana, "Malam, sun bar mini guntun haƙori a ciki." Muka leƙa da tocila, muka ga rami wayam, da wani abu fari-fari a ƙasansa. Ashe ba guntun haƙori ba ne, ƙashin muƙamuƙinsa ne a fili.

Ga yadda abin ya ke. Sa'ad da aka cire haƙori, jini ya kan cika gurbin ya daskare, ya zama guda kamar ɗanyar hanta. Yawancinmu muna ganinsa ƙazanta ce. Alhali kuwa shi ne murfin da Mahalicci ya shirya wa wurin: yana rufe ƙashi da jijiyoyi, a cikinsa ne kuma sabon nama ke tsirowa. In ya fita ko ya narke tun da wuri, sai iska da abinci da ruwa su riƙa taɓa ƙashi kai tsaye. Tun 1896 wani likitan haƙori mai suna Crawford ya ba wannan ciwo sunan da likitoci ke kiransa da shi har yau, ma'anarsa busasshen gurbi. Cikin mutum 100 da aka cire wa haƙori ba wahala, waɗanda ya kan kama ba su wuce 5 ba. Amma in turmin ƙarshe na ƙasa ne, wanda ke fitowa bayan mutum ya girma, ya kuma maƙale har sai da aka tsaga dasashi, lissafin ya kan kai wajen 30.

To, ranar farko ita ce komi. A cije audugar nan sosai har minti 30, ba surutu, ba leƙawa. In jini bai tsaya ba, a naɗe wata mai tsabta a sake cijewa. Har awa 24 kada a kurkure baki, kada a tofar da yawu da ƙarfi. A haɗiye, ko a share da ƙyalle. Mun san wannan ne mafi wuya a gare mu, gama tun muna yara aka koya mana kurkure baki da safe da bayan kowane abinci, mu ma haka mu ke koya wa 'yan makaranta. Amma na yini guda, wannan kyakkyawar al'ada ta dakata. Haka kuma duk abin da ake zuƙa ko tsotsa: lemo da tsinke, rake, mangwaro, alewa. Zuƙar nan tana jawo gudan jini kamar yadda ake zare toshiyar kwalba. Harshe ma ya kan so ya je ya yi bincike. A hana shi. Yatsa da tsinken sakace kuwa, ba sai mun faɗa ba.

Ba mu ce a zauna da yunwa ba. A sha kunu ko koko, amma sai ya huce. Fura da nono da aka dama da laushi, ayaba, dafaffen ƙwai, tuwo mai taushi, duk suna da kyau, a tauna ta ɗaya gefen. Ƙuli-ƙuli, gyaɗa, aya, ƙilishi da goro su jira mako guda, domin ɓarɓashinsu ya kan faɗa ramin. Aikin gona da ɗaukar kaya su ma su jira gobe, a kwanta da kai bisa matashi.

Maganar taba dole mu yi ta, ko da ya ke wasu za su ce ba ta shafi gidan mai bi ba. Mun san abin da ke cikin aljihun wasu samari, da 'yar kwalbar garin taba ta wasu tsofaffi. Mai shan taba ya fi kowa haɗuwa da wannan ciwo, saboda zuƙa, saboda kuma tabar tana tsuke hanyoyin jini. A bar ta aƙalla kwana 3. Mata masu shan ƙwayar tazarar haihuwa su ma ya fi kama su, sai su gaya wa likita kafin aiki, haka mai ciwon sukari da mai shan maganin tsinka jini. Don zafi a sha farasitamol ko abin da likita ya rubuta; asfirin yana ƙara zubar jini.

Daga rana ta biyu sai a soma ruwan gishiri: rabin ƙaramin cokali cikin kofi guda na ruwa mai ɗumi. A guntsa, a karkata kai a hankali, a buɗe baki ya zuba da kansa, sau 3 ko 4 a yini, musamman bayan abinci. Sauran haƙora a wanke su da buroshi ko asuwaki, a kauce wa wurin.

Ciwon cire haƙori na yau da kullum raguwa ya ke yi kowace rana. In kuwa ya kwanta sa'an nan ya taso da ƙarfi a rana ta 2 zuwa ta 4, yana harbawa har kunne, a koma wurin likita. Mutanenmu na Gwandu da Kalgo sun san hanyar Birnin Kebbi, inda Asibitin Tunawa da Sir Yahaya ke da sashen haƙori. Kada a cusa kanwa, ko toka, ko ruwan batir, kada kuma a tara kafso daga kemis, gama ba shi ne maganinsa ba. In akwai zazzaɓi, ko kumburi mai ƙaruwa, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko haɗiya ta gagara, a tafi a ranar, ko da dare ne.

Ran Litinin muka mai da Baba. Likita ya wanke ramin, ya sa wani magani a ciki, kafin mu iso gida zafin ya faɗi. Baba ya ce ƙanshin kanumfari ya ke ji a bakinsa, ya kuwa yi gaskiya, domin irin maganin nan ana haɗa shi da man kanumfari. Sau biyu ya koma aka duba, ya kwana 10 kafin ya iya tauna goronsa.