Faɗuwar Naira: wa ya ci riba a cinikin ƙasashen waje?

A ranar 14 ga Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya haɗe kasuwannin canji wuri guda, ya bar farashin dala a hannun masu saye da sayarwa. Kafin ranar, dala ɗaya a hukumance tana kusan Naira 460; zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Hujjar masu goyon bayan matakin ita ce, idan kuɗin ƙasa ya yi arha, kayanta za su yi sauƙi ga baƙi, na waje kuma su yi tsada a gida, sai fitarwa ta ƙaru, shigowa ta ragu.

Wani ɓangare na lissafin ya tabbata. Masu fitar da koko da riɗi sun ga alheri, musamman da tan ɗin koko ya haura dala 10,000 a 2024. Fatake daga maƙwabta masu riƙe da saifa, wadda darajarta ke ɗaure da Yuro, su ma sun sami hatsin kasuwanninmu da rahusa, abin da ya ƙara wa magidanci na gida tsadar buhu.

Sai dai mafi yawan abin da Najeriya ke sayarwa waje ɗanyen mai ne da iskar gas, waɗanda da dala ake yanka farashinsu. Faɗuwar Naira ba ta ƙara ganga ko ɗaya ba. Yawan Nairar da gwamnatoci ke rabawa duk wata kawai ta ƙara. Alkama da magunguna da injuna kuwa dole a shigo da su komai tsadarsu, kuma kwastan na lissafin haraji da sabon canji. Masana'antun da ake fatan su cike gurbin su ma daga waje suke samun kayan sarrafawa. A ƙarshen 2023 kamfanin Procter & Gamble ya sanar da daina sarrafa kaya a ƙasar.

Ma'aikaci ne ya biya kuɗin. Mafi ƙarancin albashi na Naira 30,000 a 2019 ya haura dala 80. Na 70,000 da aka amince da shi a Yulin 2024 bai kai dala 50 ba.

Don haka masu tsara manufofi su daina kallon canji a matsayin maganin cinikin waje. Har sai an samar da wutar lantarki, an rage jinkiri a tashar Apapa, an kuma sarrafa koko da riɗi a gida kafin fitarwa, arhar Naira ba za ta kawo masu sayen da ake jira ba.