A Ba Fadar Samari Fili da Fitila

Duk saurayin ƙasar Kance da ya taɓa yin ci-rani a biranen bakin teku, Kwatano ko Lome ko Ikko, ya ga yadda dare yake da masu shi a can. Ga otal da allon sunansa, ga mashaya, ga gidan rawa, ga kulob na ma'aikata da na 'yan kasuwa, kuma manyan cikinsu hukuma ta san mai su, tana karɓar haraji, tana iya rufe wanda ya wuce gona da iri. In saurayin nan ya komo Icirnawa da faɗuwar damina, wurin zamansa bayan lisha shi ne benci a gindin katangar wani dattijo, da ɗan murhun gawayi da butar shayi, wato fada. Ra'ayina shi ne hukumomin kwamin, wato ƙananan hukumomi, na wannan yanki, daga Icirnawa har Matamai, sun daɗe suna kuskure game da ita. Suna ganin ta zaman kashe wando ce da za a jure ko a tarwatsa, alhali ita ce kaɗai kulob ɗin da talakan saurayi ya mallaka, kuma ta cancanci fili da haske da sharaɗi kamar kowace ma'aikatar gari.

Mu fara da abin da aka riga aka jarraba. Fiye da shekara 20 ke nan ƙasar Hausa tana yaƙi da wuraren shaƙatawa ta hanyar rufewa da rushewa. Da Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a watan Oktoba na 1999, sauran jihohin arewacin Najeriya suka bi sahu, masu gidajen giya da mata masu zaman kansu da yawa sun kwashe kayansu suka tsallako iyaka, har ƙauyen Firji na jihar Maraɗi ya yi suna da su. A watan Nuwamba na 2000, lokacin rikicin bikin nuna tufafi na FIMA, an farfasa mashayu a Maraɗi. A 2013 Hisbar Kano ta murƙushe kwalaben giya 240,000 a bainar jama'a. A ranar 16 ga Janairu 2015 zanga-zangar zanen Charlie Hebdo ta ɓarke a Damagaram, washegari ta isa Yamai, inda 'yan sanda suka ƙirga otal 5 da mashaya 36 da aka ƙone, ban da majami'u 45, aka kuma rasa rayuka. Haramcin giya a wurin Musulmi ba abin muhawara ba ne, kuma ba shi nake taɓawa ba. Tambayata ita ce me duk wannan ya rage. Giya tana buƙatar gini da firji da mai sayarwa da aka sani, shi ya sa take da sauƙin kamawa. Abin da ya fi cin samarinmu yau, tiramol da danginsa, a aljihu yake tafiya, a kan babur, ba ya neman allon suna. An yi ta faɗa da gine-gine, shi kuwa yaron da ba shi da wurin zuwa da daddare aka bar shi yadda yake.

Da can garuruwanmu ba su bar wannan giɓi ba. Akwai dandali, akwai sarkin samari, akwai gayya da ke haɗa ƙarfin matasa a gonar wanda ya gaza. Seyni Kountché, bayan ya karɓi mulki a 1974, ya ɗauki wannan tsari ya mai da shi Samariya ta ƙasa baki ɗaya, aka gina azuzuwa da gidajen matasa da gumin samari. Samariya ta zama hannun gwamnati, don haka ta faɗi tare da tsarin da ya riƙe ta bayan Babban Taron Ƙasa na 1991. A cikin shekarun da suka biyo baya, na yajin aiki da albashin da ba ya zuwa da makarantu a rufe, fada ta ɓullo a Damagaram ta bazu ko'ina, har wata masaniya, Adeline Masquelier, ta rubuta littafi sukutum a kanta a 2019. Babu wanda ya kafa ta da takarda. Samari ne suka ga ba su da ɗakin kansu a gidan uba, ba su da kuɗin aure, suka fito titi suka yi wa kansu zaure.

Wanda bai taɓa tsayawa ya duba ba zai ɗauka hira ce kawai. Amma fada tana da shugaba da ma'aji, tana da suna da aka rubuta da fenti a bango, tana da doka a kan wanda ya zagi ɗan'uwansa ko ya ƙi biyan kuɗin mako. Shayin kansa aiki ne mai tsari: wani ya kawo ganye, wani sukari, wani gawayi, mai dafawa ya yi ta ɗaga buta yana tsiyayawa daga sama har kumfa ta tsaya a ƙaramin kofi, a sha na farko mai ɗaci, a jira na biyu, a jira na uku, sa'o'i biyu sun wuce a kan abin da bai kai kuɗin kwalbar lemo biyu ba. Daga asusun kuɗin makon ne ake ɗauke wa ɗan fada nauyin suna ko biki, a kai mahaifiyarsa likita, a haɗa wa mai tafiya kuɗin mota. A nan ake jin inda aiki yake a Kano ko Agadas. Kuma ɓarawo ya san layin da samari goma ke zaune har tsakar dare ba layin bi ba ne.

Ƙasar Kance ta fi kowa buƙatar a ɗauki wannan da gaske. Ƙidayar 2012 ta sami kusan mutum 400,000 a gundumar, a kan ƙasar da ba ta da faɗi, gonaki suna ta tsagewa a rabon gado. Daga nan ne akasarin mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a hamada kan hanyar Aljeriya a watan Oktoba na 2013 suka fito, mafi yawansu mata da yara. Hanyar Ɗan Barto zuwa Daura, wadda ke ciyar da 'yan kabu-kabu da 'yan dako da masu sayar da mai a kwalba, an toshe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake toshe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. Duk lokacin da iyaka ta rufe, bencin fada ne ke cika.

Masu suka suna da hujja, kuma mafi ƙarfinta ita ce fale na Damagaram, ƙungiyoyin samari masu ɗaga ƙarfe da faɗan daba, waɗanda Aïcha Macky ta nuna a fim ɗinta Zinder na 2021. Za su ce ga inda zaman banza ke kaiwa. Sai dai a duba inda fim ɗin ya tsaya: Kara-Kara, unguwar da aka kafa don keɓe kutare, aka bar 'ya'yanta da jikokinta ba makaranta, ba takardar haihuwa, ba aikin yi. Fale ya yi ƙarfi ne a inda hukuma ta fi nisa da samari. Wannan hujja ce ta a matso kusa da fada tun tana shan shayi. Malaman da ke cewa hirar dare tana sa a makara sallar asuba su ma gaskiyarsu ne, amma maganinsa lokacin tashi da aka yarda da shi, kuma ba ka sa wa mutum lokaci sai ka fara amincewa cewa yana nan.

Akwai masu tsoron cewa in an gina wa samari wurin taruwa, ƙarshensa mashaya zai zama. Tarihi ya ba su rabin gaskiya. A Ingila, a 1862, wani limamin coci mai ƙin giya, Henry Solly, ya kafa ƙungiyar kulob-kulob na ma'aikata don ya janye leburori daga gidajen giya, da ɗakin karatu da wasanni. Ba a daɗe ba giya ta shiga, har ta zama babbar hanyar samun kuɗinsu. Dalilin a fili yake: gini yana cin kuɗi, masu ba da taimako suka gaji, kuma a al'adarsu giya ce abin da ake taruwa a kai. Mu abin taruwarmu shayi ne, ya riga ya kafu. Darasin da ya shafe mu shi ne na kuɗin, kada a gina abin da samari ba za su iya riƙewa da aljihunsu ba. Rumfa da benci da fitilar hasken rana da wurin cajin waya sun isa, kuma cajin wayar kansa zai biya gyaran rumfar.

Haɗarin da ya fi damuna shi ne siyasa. Kowa ya tuna yadda ɗan takara ke sauke buhun sukari da kwalin shayi a fada ana saura wata guda zaɓe, ya ɓace har zaɓe na gaba. In rajistar fadoji a kwamin ta zama hanyar da mai mulki zai naɗa wa samari shugaba, an koma Samariya ke nan, kuma za su watse su kafa wata a bayan gari. Don haka aikin kwamin ya tsaya ga abu kaɗan: ta rubuta sunan fada da na shugaban da 'yan fadar suka zaɓa, ta ware fili a kowace unguwa da shawarar mai gari da limami, ta sa sharaɗin hana ƙwaya da makami da lokacin rufewa, fadar da ta karya a karɓe mata filin. Aikin shara da dashen itace da gyaran hanyar kasuwa da ake ba ɗan kwangila, a riƙa ba fadojin da ke cikin rajista, a biya su. 'Yan mata kuwa, waɗanda fada ba ta taɓa yi musu wuri ba, a ba ƙungiyoyinsu na adashi wannan rumfar da rana, a kan sharaɗi iri ɗaya.