Mulkin Allah Ba Gardamar Malaman Coci Kaɗai Ba Ce

Akwai maganar da ta zama ruwan dare a bakin Kiristoci da waɗanda ba Kiristoci ba: wai saɓanin ɗarikoki a kan ma'anar Mulkin Allah musun masu karatun tauhidi ne kawai, tunda Katolika da ECWA da Angilika addu'a ɗaya suke yi ta neman zuwansa. Wannan magana ba ta da tushe. Fahimtar da ɗarika ta yi wa mulkin nan ita ke yanke wa mabiyinta ko zai jefa ƙuri'a, ko zai shiga soja, ko zai rama ranar da aka ƙone masa coci.

Shaidun Jehobah sun ce Mulkin Allah gwamnati ce sosai, mazauninta sama, kuma Yesu ya hau gadonta a 1914. Saboda haka ba sa shiga siyasar duniya. A Malawi sun ƙi sayen katin jam'iyyar Shugaba Kamuzu Banda, aka haramta su a 1967, aka ƙone gidajensu, dubbai suka tsere Mozambik da Zambiya. Wanda ya kwana a sansanin gudun hijira saboda katin jam'iyya ba zai yarda cewa zancen na cikin littafi ne kawai ba.

Cocin Katolika, a taron Vatikan na biyu a 1964, ta ce ikilisiya ita ce irin mulkin da mafarinsa a duniya, cikarsa tana gaba. Wasu limamanta a Latin Amurka, irin su Gustavo Gutiérrez na Peru, suka ce to lallai a ga alamarsa a tukunyar talaka. Akbishop Oscar Romero ya tsaya wa talakawan El Salvador, aka harbe shi a 1980 yana tsakiyar jagorantar sujada.

Misalin da ya fi tayar da hankali yana cikin gida ɗaya. A 1534 wasu masu sake baftisma suka karɓe birnin Münster na Jamus, suka kira shi Sabuwar Urushalima, Jan van Leiden ya naɗa kansa sarki. Sun yi imani za a kafa mulkin da takobi. Birnin ya faɗi a 1535 bayan yunwa da kisa, kuma kejin ƙarfen da aka saka gawawwakin shugabanninsu har yau suna rataye a hasumiyar cocin Lamberti. Sauran masu sake baftisma suka riƙe akasin haka: ɗan mulkin Almasihu ba ya zubar da jini. Daga wannan tushe Church of the Brethren ta sha, ita ce kuma ta fara aiki a Garkida a 1923, aikin da ya haifi Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya (EYN). A 2014 Boko Haram ta sace 'yan matan Chibok, yawancinsu 'ya'yan EYN, ta kuma mamaye hedkwatar cocin a Kwarhi. Shugabanninta suka ci gaba da wa'azin kada a rama. Wannan haƙuri yana da asali, kuma rashin adalci ne a ce ba ruwansa da tauhidi.

Masu cewa duk ɗaya ne su kuma dubi Amurka. Koyarwar John Nelson Darby, wadda Littafi Mai Tsarki mai sharhin Scofield ya yaɗa tun 1909, ta ce mulkin zai zo ne bayan dawowar Almasihu, shekara dubu, a Urushalima ta zahiri, kuma Yahudawa suna da matsayi na musamman a ciki. Mabiyanta suka ɗauki kafuwar Isra'ila a 1948 cikar annabci. Da Amurka ta mayar da ofishin jakadancinta Ƙudus (Urushalima) a Mayun 2018, fastocin wannan layi, Robert Jeffress da John Hagee, suna cikin waɗanda suka yi addu'a a wurin bikin, alhali shugabannin tsofaffin coci-cocin birnin sun riga sun rubuta wa Shugaban Amurka Trump wasiƙa suna roƙon kada ya taɓa matsayin Ƙudus.