Kafin a Zargi Kwamfuta, a Dubi Ginin Jimla

Masu nazarin harshe sun san harshen damon da ke cikin "tsofaffin maza da mata": tsufan na maza ne kaɗai, ko har da matan? Mutum yakan tambaya, kwamfuta kuwa doka take bi.

A ce ɗalibi ya tsara wa manoman albasa na Madawa manhajar lissafi: buhu 20 da buhu 30, kowane jika 10. Ya rubuta 20 + 30 * 10, aka ba shi 320 maimakon 500, domin ninkawa tana riga tarawa. Sai ya ɗora wa manhajar fassara laifi, alhali baka biyu ya manta: (20 + 30) * 10.

Wannan darasi na ginin jimla ne. Ya kamata malaman harshe su koyar da shi kafin kuskuren ya ci kuɗin manomi.