Falkaswa a Cikin Kwali

Wata magana ta zama ruwan dare a bakin shugabannin ikilisiya: in majami'a ta yi sanyi, a nemo mata shiri. Kwana arba'in na kaza, mako bakwai na kaza, da littafinsa da bidiyonsa da rigarsa. Wai muddin benci ya cika, ba ruwan kowa da hanyar da aka bi. Ni kam ban yarda ba.

A Amurka aka goge wannan sana'a har ta yi ƙyalli. Rick Warren ya kafa cocin Saddleback a Kalifoniya a 1980, bayan ya bi gida gida yana tambayar waɗanda ba sa zuwa coci abin da ke korarsu. A 2002 ya fitar da The Purpose Driven Life, babi 40, kowace rana babi ɗaya, aka sayar da fiye da kwafi miliyan 30. Littafin kuwa bai zo shi kaɗai ba. Dubban ikilisiyoyi sun karɓi kayan a haɗe: jigon wa'azin kowace Lahadi, ayar haddacewa, bidiyon ƙananan ƙungiyoyi, har tambayoyin da za a yi wa juna. Zondervan da ya buga shi mallakar HarperCollins ne, na gidan Rupert Murdoch.

Ban ce Warren ɓarawo ba ne. An san ya mayar wa cocinsa albashin shekara 25. Nan ma abin tsoron yake, domin ko mutumin kirki ne ya ɗaura kayan, ɓarnar tana nan. Fasto ya tashi daga makiyayi ya koma dillali. Ran Alhamis ya binne ɗan wata gwauruwa, ran Lahadi ya hau bagade ya karanta wa'azin mako na uku, don haka jadawalin ya ce. Wanda ya rubuta wa'azin bai san matar ba, bai san an yi rashi ba, kuma ba laifinsa ba ne. Laifin na wanda ya san komai ne, ya rufe ido ya bi takarda.

Za a ce ai shirin yana aiki. Da wane ma'auni? Ikilisiyar Willow Creek da ke kusa da Chicago, uwar masu wannan salo, ta binciki kanta, ta buga sakamakon a 2007 da sunan Reveal. Abin da ta gano shi ne yawan shiga shirye-shiryen coci ba ya nuna mutum yana ƙara ƙaunar Allah ko maƙwabcinsa, kuma cikin masu gunaguni har da waɗanda suka fi girma cikin bangaskiya. Bill Hybels, shugabanta a lokacin, ya fito fili ya ce sun yi kuskure. Masu abin sun faɗi haka, mu kuwa 'yan sari har yau muna rantsuwa da shi.

Namu ma na gida bai tsira ba, sai dai kwalinsa daban. Taron falkaswa na kwana uku, fosta mai hoton baƙon mai wa'azi da matarsa, man shafewa a kwalba, ambulan na shuka iri, baiko kashi kashi. A daren ƙarshe a ƙirga kawuna, a ƙirga kuɗi, a yi tafi. Wa ya taɓa komawa bayan wata shida ya ga ko wasu 'yan'uwa biyu da ke shari'ar gona sun shirya?

Ba a komawa, domin mai sayar da falkaswa ba ya son wadda za ta daɗe. Dole ta kwana arba'in ta huce, in ba haka ba wa zai sayi ta baɗi? Saddleback kanta, bayan kwana 40 na farko, ta fito da wasu kwana 40 na zumunci, sannan na ƙauna, sannan na nazarin Kalma.

Dattawan ikilisiya ne ke sa hannu a kasafi. Kafin su amince da shiri na gaba, su buɗe littafin ma'aji, su ga nawa aka kashe bara kan fosta da lasifika da masaukin baƙo, nawa kuma ya isa hannun gwauraye da marayu. Su karanta wa jama'a duka biyun ran Lahadi, kafin a ɗauki baiko.