Ƙanƙarar Girinlan da Damunar Kurfi

Manomin Kurfi mai jiran ruwan shuka, da mai noman rani a gefen madatsar Zobe, abincinsu yana rataye da ƙanƙarar tsibirin Girinlan. Masana sun nuna cewa idan ta narke da yawa, za ta raunana igiyar ruwan da ke kai ɗumi arewacin tekun Atlantika, sai damunarmu ta ja da baya zuwa kudu. Dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984 sun san abin da hakan ke nufi.

Irin wannan ilimi da haɗin gwiwa ake samunsa. Amma a Maris 2022, saboda yaƙin Yukren, ƙasashe bakwai suka dakatar da aiki da Rasha a Majalisar Aktik, alhali fiye da rabin gaɓar wannan teku nata ne. Bayanan tashoshinta suka daina isa ga sauran masana yadda aka saba.

Muna fita roƙon ruwa, kuma sunna ce. Sai dai Annabi Yusuf (AS) bisa sani ya yi tanadin shekara bakwai. Muna ganin ya kamata Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ta kafa ma'aunin ruwan sama a ƙauyukanmu, ta riƙa musayar alƙalumansa da hukumar NiMet.