Kuskuren da kwamfuta ba ta ƙorafi a kansa

A cikin kurakuran masu rubuta manhajar shafukan intanet, wanda ya fi ba ni tsoro shi ne wanda ke wucewa shiru. A ce kana da sunayen ɗalibai 100 da za ka tura wa sabar. Ka zuba su cikin forEach, ka sa async da await a ciki, sannan a ƙasa ka rubuta saƙon "an adana". Saƙon zai bayyana nan take, alhali ko amsa ɗaya ba ta dawo ba.

Dalili kuwa shi ne forEach ba ya jiran kowa. Yakan kira aikin sau 100, kowane kira ya miƙa masa Promise, wato alƙawarin amsa a gaba, shi kuma ya yi biris da alƙawuran ya wuce. Idan layi ya katse a tsakiya, malamin da ke shigar da sunayen zai rufe shafin hankali kwance, bai san wasu ɗalibansa ba su shiga rajista ba.

A ganina, kafin a rubuta irin wannan zagaye, tambaya ɗaya ce ta wajaba: shin buƙata ta biyu ta dogara da amsar ta farko? Idan haka ne, a yi amfani da for...of tare da await, wanda ya shigo JavaScript a 2017, a bi su ɗaya bayan ɗaya. Farashinsa lokaci ne: idan kowace na cin kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, 100 za su ci daƙiƙa 20.

Idan ba su dogara da juna ba, a tura su tare. Sai dai Promise.all yakan yanke hukuncin faɗuwa da zarar ɗaya ta gaza, ko da sauran sun isa lafiya. Shi ya sa na fi son Promise.allSettled, wanda ya zo a 2020, domin yana faɗin makomar kowacce.

Wani zai ce a saki duka lokaci guda a huta. Amma sauri kan haifi nawa: a kan HTTP/1.1, Chrome layi shida kawai yake buɗewa ga sabar ɗaya, kuma sabar da aka yi wa yawa tana iya mayar da lambar 429, ma'ana a sassauta. Gara a tura su rukuni-rukuni, biyar ko goma.

Kowace hanya aka bi, kada shafi ya ce "an adana" sai ya ƙirga amsoshin da suka dawo, ya kuma nuna wa malamin sunayen da suka maƙale domin ya sake turawa.